Inda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Nemi Maganin Taɓin Hankali A Bauci

A yawancin gidajen da ciwon taɓin hankali ya shiga a birnin Bauci, asibiti shi ne zangon ƙarshe. Kan a kai gare shi an sha rubutu, an yi hayaƙi, an yanka kaza ko akuya, wani lokaci ma har an sayar da gona. Saboda haka sa'ad da aka tsaya gaban likita aljihu ya riga ya bushe, ciwon kuwa ya daɗa yin nisa. Mutane da dama sun ɗauka maganin asibiti na masu hali ne, alhali kuwa sau da yawa abin da ake kashewa a wannan yawo ya fi kuɗin ƙwayoyin wata da watanni.

Ba a musun cewa masana sun yi ƙaranci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa 'ya'yanta da ke aiki cikin ƙasa ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan ciwo da ke Arewa, irin su na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, duk sun yi wa Bauci nisa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin motar mai ciwo da mai rakiyarsa ya zama wani nauyi na dabam.

To, amma ba lalle ne a fita gari ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya gaji tsohon asibitin ƙwararru na jiha a 2010, yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Akan yanki kati, a ga likita, a koma gida ran nan; kwanciya sai ga wanda abin ya tsananta. Kwanciyar nan kuwa ita ke cin kuɗi, domin ga na gado, ga abinci, ga mai jinya da ya bar sana'arsa. Wanda aka kawo tun ciwo bai wuce rashin barci da yawan ƙunci da ƙin shiga mutane ba, da wuya ya kai ga gado.

Wajen sayen magani ma akwai dabara. Tsofaffin ƙwayoyi irin su amitriptyline da haloperidol da chlorpromazine suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, kuma sun fi sababbi araha nesa ba kusa ba. Suna da nasu lahani, watau bushewar baki, ko yawan barci, ko sanƙarewar jiki, shi ya sa likita ne kaɗai zai zaɓa. Amma babu kunya dangi su faɗa masa gaskiyar ƙarfinsu, su roƙi ya rubuta ainihin sunan magani maimakon sunan kamfani. Akwai kuma allurar da akan yi bayan 'yan makonni ga mai mantuwar shan ƙwaya. Babbar asara ita ce a yanke magani da an ga sauƙi, gama ciwon yakan dawo, a sake komawa farko. Wanda ya rasa yadda zai yi, sai ya nemi ofishin ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibitin, ya kuma tambayi hukumar BASHCMA mai kula da asusun taimakekeniyar lafiya na jihar abin da rajista za ta ɗauke masa.

A kan takarda dai an daɗe da yi wa talaka tanadi. Tun 1991 Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin unguwa, a watan Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin masu ciwon. Saura dai a ga ma'aikaci horarre da magani a ɗakin shan magani na Yalwa ko Fadamar Mada. Inda wannan ya gaza, nan masu gidajen mari ke samun kasuwa, kamar wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, suka fito da mutane wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Magani mai sauƙin kuɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya tare da danginsu a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna zuwa shan magani da rana, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Harare ta ƙasar Zimbabwe kuwa, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraren masu ƙuncin zuciya suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an biya ko kwabo ba. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin nan sun fi samun sauƙi bisa waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.