Magungunan Sukari Masu Kwaikwayon Hanji Da Lafiyar Jijiyoyin Jini

Babban abin da ke halaka mai ciwon sukari, irin wanda ke kama mutum bayan ya manyanta, shi ne ɓarnar da cutar ke yi wa jijiyoyin jini sannu a hankali. Maiƙo ya kan taru a jikin bangon jijiya, hanya ta ƙuntata, wata rana gudan jini ya toshe ta. In a zuciya ne abin ya faru, sai a ce bugun zuciya. In kuwa a ƙwaƙwalwa ne, sai ɓarin jiki ya shanye. Shekara da shekaru likitoci suna zaton muddin an saukar da sukari, to, an rufe wannan ƙofa. Ido da ƙoda sun amfana ƙwarai, amma manyan jijiyoyi ba su nuna wani sauƙi na a zo a gani ba. Cikin 2008 ma sai da aka tsai da wani sashe na babban gwajin nan na ACCORD a Amurka, domin waɗanda aka matsa wa da magani don sukarinsu ya sauka sosai sun fi 'yan'uwansu mutuwa.

Taimako ya ɓullo ne daga hanji. Tun cikin 1902 Bayliss da Starling suka nuna a Landan cewa hanji na sakin wani sinadari a cikin jini, wanda ke kai saƙo ga wata gaɓa dabam. Irin wannan ɗan aike shi a ke kira homon. Cikin 1964 aka tabbatar cewa sukarin da aka sha ta baki ya fi wanda aka ɗura ta jijiya sa jiki ya fid da insulin, alamar akwai wanda ke riga sukarin kai labari. Sai wajen 1987 masana a Bostan da ƙasar Danmak, cikinsu har da Svetlana Mojsov da Joel Habener da Jens Holst, suka nuna aikin wani ɗan aike da aka sa wa suna GLP-1. Da abinci ya sauka hanji, shi ke sa a saki insulin, amma fa sai in sukari ya hau; shi ke rage wa tumbi gaggawa, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Aibinsa ɗaya, ba ya daɗewa: cikin kamar minti 2 jini ya karya rabinsa.

Wani likita a Niyu Yok, John Eng, ya ba da labari cikin 1992 cewa ya sami mai kama da shi a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, a na ce masa Gila, kuma wannan ya kan yi awoyi bai lalace ba. Daga nan aka sami exenatide cikin 2005. Liraglutide ya biyo baya, sannan semaglutide cikin 2017, wanda allura ɗaya ke isar mutum mako guda.

Ba don neman maganin zuciya aka fara gwada su a kan zuciya ba. Cikin 2007 aka zargi wani maganin sukari dabam, rosiglitazone, da ƙara hatsarin bugun zuciya, saboda haka cikin 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora wa kowane sabon maganin sukari nauyin nuna cewa ba ya cutar da ita. Watau an fita neman laifi ne, sai aka tarar da alheri. A gwajin LEADER na 2016 an bi mutum 9,340 kusan shekara 4, rabi suna karɓar liraglutide, rabi allurar da babu magani a cikinta. Kashi 14.9 cikin 100 na masu allurar wofi suka sami bugun zuciya ko shanyewar jiki ko mutuwa ta wannan hanya. A ɗaya ɓangaren kuwa kashi 13 ne. Mai gaggawa zai raina wannan rata, alhali kuwa ma'anarta ita ce kusan mutum 2 cikin kowane 100 sun tsallake bala'i. Ba kowane ɗan gidan ne ya yi wannan abin kirki ba: lixisenatide, wanda aikinsa ba ya daɗewa a jini, bai ƙara ba, bai rage ba.

To, ta wace hanya? Nan ne gardama ta ke, nan kuma ilmin ya fi daɗi. Amsar da ta fara zuwa baki ita ce saukar sukari, amma gwajin SELECT na 2023 ya raunana ta. Mutum 17,604 aka ɗauka, masu ƙiba da tsohon ciwon zuciya ko na jijiya, babu mai ciwon sukari ko ɗaya, duk da haka semaglutide ya rage irin wannan hatsari da kashi ɗaya cikin biyar. Sai aka ce to, ramar da su ke yi ce. Ita ma ba ta ɗauke nauyin duka ba. Amfanin ya fara bayyana tun kafin a rame sosai, wanda kuma ya rame kaɗan bai rasa rabonsa ba. Har ila yau albiglutide, wanda da ƙyar ya ke rage ƙiba, ya ba da kariya mai ƙarfi a gwajin 2018.

Abin da ya rage shi ne bangon jijiyar kansa. Tarin maiƙon nan ba kamar laka a bututun famfo ya ke ba, ya fi kama da maruru: akwai kumburi a cikinsa, ƙwayoyin tsaron jiki sun yi dafifi, fatar da ta rufe shi tana iya fashewa, jini ya daskare a wurin nan take. A jikin ɓeraye an ga waɗannan magunguna suna rage girman tarin, suna kwantar da kumburin. A jikin mutane kuma alamar kumburi da a ke aunawa a jini ta sauka da fiye da kashi ɗaya cikin uku a gwajin SELECT. Bugu da ƙari hawan jini ya kan ɗan sauka, ƙoda ta kan ƙara fid da gishiri, maiƙon da ke kwarara cikin jini bayan cin abinci ya kan ragu. Wani bincike na Daniel Drucker da abokan aikinsa a Toronto ya nuna cewa, a ɓeraye dai, wani sashe na umarnin kwantar da kumburi ta ƙwaƙwalwa ya ke biyowa. Mai hankali ba zai ɗauki shaidar ɓera daidai da ta ɗan Adam ba, amma duk alamun nan wuri ɗaya su ke nunawa.

Maganin ba ya rasa wahala. Tashin zuciya da amai da zawo sun zama ruwan dare a makonnin farko, bugawar zuciya ta kan ɗan ƙara sauri, tsakuwar madaciya ta kan ƙaru. A gwajin semaglutide na 2016 wasu da idonsu ya riga ya taɓu sun ƙara tsanani, a na jin saboda sukari ya sauka da gaggawa ne. Sannan yawancin waɗanda aka yi gwaje-gwajen nan a kansu mutane ne da jijiyoyinsu suka riga suka kamu, ko su ke dab da kamuwa, don haka ba a ɗora lissafinsu a kan mai lafiya. Wanda kuma ya daina allurar, yawancin ƙibar da ya zubar ta kan komo cikin shekara guda.