Mark Cavendish: Gwanin Sukuwar Keke Da Zagagen Da Ke Share Masa Hanya

Ran Laraba 3 ga watan Yuli, 1a shekarar 2024, a wani ƙaramin gari mai suna Saint-Vulbas cikin ƙasar Faransa, wani mahayin keke ɗan Birtaniya da ake kira Mark Cavendish ya riga mahaya fiye da 170 ƙetare layin ƙarshe a zango na biyar na tseren nan da ake kira Tour de France. Wannan shi ne zango na 35 da ya ci a tseren, watau ke nan ya wuce Eddy Merckx, mutumin Beljiyam, wanda ya ci zango 34, aka kuma daɗe tun 1975 ana ganin ba mai kamo shi. A ran nan shekarun Cavendish 39 da haihuwa, shekarun da yawancin tsararrakinsa suka riga suka jingine keke.

Wanda ya kalli tseren a talabijin zai ɗauka aikin daƙiƙa goma sha ne na mutum guda. Amma waɗanda suka san sha'anin sun san cewa wannan sukuwa ta ƙarshe tana tsaye ne a kan abu uku: ƙarfin ƙafa, da gwanintar sarrafa keke cikin cunkoso, da kuma wahalar da abokan ƙungiya suka yini suna sha saboda mutum ɗaya.

ISKA CE BABBAR ABOKIYAR GABA

Shi dai Tour de France an fara shi ne a 1903, kuma a zamanin nan akan yi shi cikin mako uku, zango 21, tafiyar da ta kusa kilomita 3,500. Kowace ƙungiya tana shiga da mahaya takwas. Zangunan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na duwatsu, inda marasa nauyin jiki ke cin kasuwarsu, akwai kuma na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda ayarin yakan iso gari a dunƙule, sai a raba gardama cikin mita 200 na ƙarshe. Irin waɗannan zanguna su ne gonar Cavendish.

Duk dabarar tseren ta taso ne daga iska. Idan keke ya yi sauri, yawancin ƙarfin mahayi yana ƙarewa ne wajen keta iskar da ke gabansa. Wanda ya laɓe a bayan wani kuwa, taya dab da taya, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda ke tsakiyar ayari ma ya fi haka samun sauƙi. Saboda haka mai sukuwa ba ya yarda iska ta taɓa ƙirjinsa tun safe, domin ƙarfin da zai fitar a ƙarshe, lokacin da gudu kan kai kilomita 70 a awa, ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. In ya zabura da wuri, ƙafa ta mutu kafin layi. In ya yi jinkiri, hanya ta toshe.

Cavendish ba dogo ba ne, tsawonsa bai wuce mita 1.75 ba, kuma da yawa daga cikin abokan hamayyarsa sun fi shi ƙarfi. Abin da ya fi su shi ne yadda yake kwantawa a kan keke in ya tashi daga sirdi, kansa ƙasa, haɓarsa kusan a kan tayar gaba, har iska ba ta samun wurin kamawa sosai. Ga shi kuma da saurin zabura, har ma a ƙuruciyarsa yakan sake zabura ta biyu in ya ji ana matso shi.

AIKIN ZAGAGE

Kamar yadda zagi ke tafe gaban dokin sarki yana buɗe hanya, haka mai sukuwa yake da mutanen da ke tafe gabansa. Aikinsu yana farawa tun da hantsi. A kusan kowane zango wasu 'yan mahaya kaɗan sukan ɓalle su yi gaba, sai ƙungiyar mai sukuwa ta sa mutum ɗaya ko biyu a goshin ayari, su yini suna ja. Ba su barin tazarar ta yi yawa, ba su kuma hanzarin kamo waɗanda suka ɓalle, gama in an kamo su da wuri wasu sababbi masu sauran ƙarfi za su sake ɓallewa. Wasu kuma aikinsu komawa baya wurin motar ƙungiya su ɗauko ruwa da abinci.

In ya rage 'yan kilomita kaɗan, sai 'yan ƙungiya su jeru ɗaya bayan ɗaya, mai sukuwa a can ƙarshen sahu. Na gaba ya yi iyakar gudunsa, in ya gaji ya kauce, na bayansa ya karɓa, gudu yana ta ƙaruwa har babu wanda zai iya wucewa ta gefe. Zagi na ƙarshe shi ne mai babban aiki: shi zai zaɓi gefen da za a bi, ya lura da inda iska ke kaɗawa, sa'an nan ya kauce daidai lokacin da ya kamata.

Ƙungiyar Columbia-HTC ta shahara da wannan tsari. A 2009 tana da irin su Bernhard Eisel da Tony Martin da George Hincapie, zagi na ƙarshe kuwa Mark Renshaw ne, mutumin Ostareliya. A shekarar nan Cavendish ya ci zango shida. A na ƙarshe, kan babban titin Champs-Élysées na birnin Faris, gudun da Renshaw ya yi ya kai har bayan ya kauce ba wanda ya iya wuce shi sai ubangidansa, ya zo na biyu. Bisa al'adar tseren, kuɗin da aka ci akan tara su ne a raba tsakanin mahaya da ma'aikatan ƙungiya, amma sunan da tarihi ke riƙewa na mutum ɗaya ne.

Haka kuma aka yi ran 25 ga watan Satumba, 2011, a birnin Copenhagen na ƙasar Denmark, wajen gasar duniya. Mahayan Birtaniya bakwai, cikinsu har da Bradley Wiggins da Chris Froome da Geraint Thomas, waɗanda dukansu suka ci Tour de France daga baya, suka yini a gaban ayari domin na takwas ɗinsu. Cavendish ya ci, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya yi haka tun bayan Tom Simpson a 1965. A shekara mai biye kuwa, da ya koma ƙungiyar Sky, wadda hankalinta ke kan nasarar Wiggins, sai aka ga zakaran duniya da kansa yana ɗaukar wa wasu goran ruwa. A ranar ƙarshe Wiggins ya rama alheri, ya shiga gaba sanye da rigar nan ruwan ɗorawa ta jagoran tsere, ya share masa hanya a Faris.

GWANINTA DA HAƊARI

Zagage suna iya kai mutum bakin ƙofa, amma shiga sai da gwanintarsa. An haifi Cavendish a 1985 a tsibirin Isle of Man, kuma ya goge ne a tseren da ake yi cikin zagayayyen fili, inda kekuna ba su da birki, mahaya kuma ke gogayyar kafaɗa. Sau uku yana cin gasar duniya ta irin wannan tsere na mutum bibbiyu, a 2005 da 2008 da 2016. Can ya koyi auna tazara da ido, da ganin kafa tun kafin ta buɗe. An san shi da nazarin taswirar kilomitocin ƙarshe, kwana bayan kwana, kafin a tashi.

Har a kan layi ma akwai dabara. Mahayi yakan miƙe hannuwa ya tura keken gaba, shi ya ja jikinsa baya, domin tayar gaba ce ake dubawa. A tseren Milan zuwa San Remo na 2009, bayan tafiyar kusan kilomita 300, Heinrich Haussler ya riga shi zabura, ya ba shi rata. Cavendish ya bi shi, ya kamo shi a kan layi, tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Dokar tsere ta hana mai sukuwa barin layin da ya ɗauka har ya jefa wani cikin haɗari, amma tsakanin gwaninta da ganganci akwai siririn zare. A 2010 an kori Renshaw daga tseren saboda tunkuyar Julian Dean da ka. A 2014, a garin Harrogate na Ingila, Cavendish ya nemi kafa inda babu, ya ci karo da Simon Gerrans, ya goce kafaɗa, ya fita tun ranar farko, ya kuma amsa cewa laifinsa ne. A 2017 a Vittel ya nemi wucewa tsakanin Peter Sagan da shingen ƙarfe, ya faɗi, allon kafaɗarsa ya karye. An kori Sagan, ko da yake daga baya hukumar tseren keke ta duniya ta yarda cewa ba da gangan ba ne.

FAƊUWA DA TASHI

Daga nan sai al'amura suka juya. Ciwon da ƙwayar Epstein-Barr ke kawowa ya raunana shi, ciwon damuwa ya biyo baya, ya yi shekara biyar bai ci zango ko ɗaya ba a Tour de France. A 2021 aka sa shi cikin ƙungiyar Deceuninck-Quick-Step ana dab da tashi, a madadin wani da ya ji rauni. Nan ya sami sabon zagi, Michael Mørkøv ɗan Denmark, ya ci zango huɗu, ya kamo Merckx a Carcassonne. A 2022 ba a tafi da shi ba. A 2023, yana ƙungiyar Astana, ya riga ya sanar da cewa shekararsa ta ƙarshe ke nan, sai ya faɗi a zango na takwas ya karye. Ya fasa ajiye keke, ƙungiyar kuma ta ɗauko masa Mørkøv, ta sa Renshaw cikin masu tsara dabaru.

Nasarar 2024 saura kaɗan ta salwanta tun ranar farko. Dokar tseren ita ce duk wanda bai iso cikin wa'adin da aka ƙayyade ba, an fitar da shi. A hanyar Florence zuwa Rimini ta ƙasar Italiya, ga duwatsu ga zafi, Cavendish ya kasa, har yana amai a kan keke. Abokansa suka dakata, suka kewaye shi, suna kare masa iska, suna zuba masa ruwa, har suka iso da shi kimanin minti 39 bayan na farko, amma cikin wa'adi. Ba don wannan ba, da babu labarin Saint-Vulbas.

Abin mamaki, a ranar nasarar kanta sahun zagagen ya watse kafin layi. Sun kawo shi gaba lafiya, amma a mitocin ƙarshe ya sami kansa shi kaɗai. Sai ya koma ga abin da ya koya tun yana yaro, yana tashi daga bayan wannan ya laɓe a bayan wancan, har ya ga hanya ta buɗe ta hagu, ya zabura. Jasper Philipsen na Beljiyam, wanda ya fi shi ƙarfin ƙuruciya, ya bi shi bai kamo shi ba.

A tseren nan ne kuma Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya ya ci zango uku, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France, ya kuma tafi gida da koriyar riga wadda ake ba mai sukuwar da ya fi tara maki, rigar da Cavendish ya ci a 2011 da 2021. Shi kuwa Cavendish ya daure ya haye sauran duwatsun har ƙarshen tsere a birnin Nice, sa'an nan ya ajiye keke a watan Nuwamba na 2024. Duk sa'ad da ya ci zango, al'adarsa ita ce ya tsaya bayan layi yana jiran abokansa su iso, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rungumewa.