Da Me Za Mu Shata Layi a Kan Yadi Kafin Ɗinki?

A wannan fitowa muna magana ne da ƙungiyoyin Zumuntar Mata masu haɗa ƙyallaye su ɗinka bargo mai ciko, wato wanda ake shimfiɗa auduga ko tsohon zane tsakanin yadi biyu, a bi shi da ɗinki. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu, gama da irin ɗinkin nan aka yi lifidin dawaki tun zamanin kakanni.

A wata ziyara da muka kai, mun tarar da mata sun yi makonni suna ɗinka babban bargo don su sayar su biya kuɗin makarantar marayu biyu. Da jan biro suka shata layukan ɗinkin. Da aka wanke, tawada ta bazu a kan farin yadin, mai saye kuwa ya fasa. Domin kada haka ta sake faruwa, ga abin da ya kamata mu sani.

1. Allin tela. Ya dace da yadi mai duhu, kuma ana kakkaɓe shi ya fita. A kankare bakinsa da reza domin layin ya fito siriri. Sai dai yana gogewa in hannu ya yawaita taɓa shi, saboda haka a shata kaɗan, a ɗinka, sannan a ƙara. Farin alli ya fi mai launi sauƙin fita.

2. Guntun sabulu. Kada mu yar da sabulun da ya sirance. In ya bushe, gefensa yana yin farin layi mai kyau a kan atamfa mai duhu, kuma wanki ɗaya ya tafi da shi. Ba a kashe ko kwabo.

3. Fensir. Don farin yadi ne ko mai haske. A fiƙe shi sosai, a ja a hankali. In aka danna, baƙinsa yakan shiga zare ya ƙi fita.

4. Alƙalami mai tawadar da ruwa ke wankewa. Ana samunsa a wasu shagunan kayan ɗinki a birni, yawanci shuɗi. A fara wanke layin da ruwan sanyi zalla kafin a sa sabulu. Kada dutsen guga ya hau kansa, domin zafi yakan kama tawadar ta zauna har abada.

5. Karin yadi. A aza ma'auni, a bi gefensa da bayan wuƙa ko gindin cokali. Karin da ya fito ya isa a bi shi da allura, ba kuwa abin wankewa.

Abubuwan da za mu guje wa su ne biro, gawayi, da takardar kabon ta ofis. Gawayi yana damalmala yadi, sauran biyun kuma tabonsu da wuya ya fita.

In fasalin fure ne ko tauraro da za a maimaita, a yanka shi a kwali a riƙa bin gefensa, sai duka su fito daidai.

Babbar ƙa'ida ita ce gwaji. Kowane abu muka zaɓa, mu fara shata shi a kan ɗan ƙyalle na yadin da za mu ɗinka, mu wanke, mu shanya, mu duba. Rigakafi ya fi magani.

Mu tuna da Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni sura 9, wadda gwauraye suka nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka. Aikin allura hidima ce. Muna roƙon shugabannin mata su karanta wannan a taronsu na mako, su gwada tare. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.