Matasa da kiwon raguna: daga turken Birnin Kudu da Gwaram zuwa kasuwar duniya

Idan ka zaga unguwannin Birnin Kudu ko ƙauyukan Gwaram watanni kaɗan kafin Babbar Sallah, da wuya ka shiga gida biyar ba ka tarar da rago a turke ba. Yawanci kuma matasa ne ke ɗawainiyarsa: su nemo harawa da kowa, su jiƙa dusa, su yi masa wanka. Wannan ƙaramin jari shi ke biya wa wani kuɗin makaranta, wani ma da shi yake haɗa lefe.

Kiwo ba baƙo ba ne a wannan yanki. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu shaida ne. Tambayar ita ce: yaushe kiwon zai tashi daga na jiran Sallah ya koma sana'ar shekara cur?

Gwamnati dai ta taɓuka. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar an raba wa mata awaki uku-uku don su yi kiwo. An sha yi wa shirin dariya a Facebook, amma ya nuna ƙaramar dabba ma jari ce. A Yulin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda Idi Mukhtar Maiha ya zama ministanta.

Sai ga darasi daga maƙwabta. A Mayun 2025 Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Layya, kasuwanni irin su Maigatari suka ji a jikinsu. To, ƙasar da ke dogaro da ragunan maƙwabta, ta yaya za ta yi mafarkin sayar wa Saudiyya nama?

Sudan da Somaliya suna tura tumaki Saudiyya ta jirgin ruwa, musamman lokacin Hajji. Ba girman rago kaɗai ke buɗe wannan ƙofa ba. Sai an yi rigakafi, an killace dabbobin an duba lafiyarsu, an samu takardar shaida. In kuma nama za a fitar, sai da mayanka ta zamani da ɗakin sanyi.

A nan ne tallafi zai yi amfani. Matashi ba rago kyauta yake buƙata ba kawai. Yana son allurar rigakafin cutar PPR, mai kashe tumaki da zawo da majina, ta iso ƙauyensu kan lokaci. Yana son bashi marar ruwa da zai sayi harawa tun da kaka tana araha, domin tsadar abinci da rani ita ke cinye riba. Yana kuma son iri mai kyau, Balami ko Uda, da shawarar masana irin na cibiyar NAPRI da ke Shika.

Mu ma matasa akwai namu aikin fa. Mu riƙa rubuta abin da muka kashe wa rago tun daga ranar saye, don da yawa murnar ciniki muke yi alhali uwar kuɗi ma ba ta fita ba. Mu haɗa ƙungiyoyi masu rajista, mu sayi abinci a sari, mu sayar tare, dillali ya rage cin guminmu. Ranar da gwamnatin Malam Umar Namadi ko ta tarayya ta buɗe wani sabon shiri, masu ƙungiya da lissafi a hannu su ne za a fara saurara.