Me Ya Sa Na Daina Hawa Ekspires Da Ƙaramin Babur?

Kusan kullum ina kai kaya daga Agege zuwa Sango Ota a kan babur ɗina, Bajaj Boxer mai inji 100cc. A da babban titin Legas zuwa Abeokuta nake bi, har ranar da wata tirela ta wuce ni da gudu bayan Abule Egba. Ba ta taɓa ni ba, amma iskarta ta fizgo ni, na ga tayarta dab da gwiwata. Allah ne ya tsare. Tun ranar na koma bin Iju, Agbado da Ijoko.

Ga abin da ya kamata ’yan uwa su gane, musamman sababbin zuwa. Ƙaramin babur ba a ƙera shi don tsere da manyan motoci ba. Injinsa da iska yake hucewa, in ka daɗe kana murɗa totur har ƙarshe sai ya ɗau zafi. Ba shi da nauyi, shi ya sa iskar tirela ke wasa da shi. Kuma in an matse ka, ba shi da ragowar ƙarfin da za ka fice da shi, balle in ka ɗora buhu.

Direban tirela ma akwai wuraren da madubinsa ba ya nuna masa: dab da gabansa, gefensa na dama da bayansa. In ba ka hango fuskarsa a madubi ba, to shi ma bai gan ka ba. Ko ya gan ka, mota mai lodi ba ta tsayawa nan take.

Sai batun doka. Tun 2012 gwamnatin Legas ta hana babura bin manyan tituna da gadoji. A ranar 1 ga Yunin 2022 ta haramta acaɓa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba ta ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. A waɗannan wurare ko lungu ka bi, haramun ne. Baburan da aka kama kuwa murƙushe su ake yi. Wanda ya karɓi nasa biyan bashi, ga babur ya tafi, ga bashi na jiransa.

To amma fa hanyar cikin gari ita ma da nata. Da damina ruwa na rufe ramuka da kwata, don haka kada ka afka ruwan da ba ka ga wani ya ratsa ba. Yara na fitowa a guje daga bayan motocin da aka ajiye. A mararrabar jirgin ƙasa, tsaya ka duba hagu da dama, jirgin Ibadan da ya fara aiki a 2021 ya fi tsohon gudu. Ka koyi hanya da rana, ka gaida mutanen unguwa, ka guji lungun da ba ka sani ba bayan magariba. Hular kwano kuma ba a barin ta a gida.

Wani lokaci nakan makara, mai kaya ya yi ta kira. Nakan ce masa, “Alhaji, yi haƙuri, ina Ijoko.” Gara ya jira ni a shago da a kira iyalina daga asibiti. Allah ya kai mu gida lafiya.