Asalin Zouk da Kiɗan Kongo da Haɗuwarsu a Paris

Zouk da kiɗan rawar Kongo nau'o'i biyu ne da kunnen wanda bai saba ba yake ɗauka abu guda, domin duka sun yaɗu a Afirka cikin shekarun 1980 ta hanyar kaset da gidajen rediyo, kuma duka ana rera su da harsunan da akasarin masu saurare ba sa ji. A Najeriya ruɗanin ya ma fi haka, domin lokacin da waƙoƙin Awilo Longomba, ɗan Kongo, suka cika gari, jama'a sun riƙa kiran salon nasa makossa, alhali makossa kiɗan mutanen Duwala ne na ƙasar Kamaru.

Kiɗan Kongo ne babba a shekaru. Ya tsiro ne a Kinshasa, wadda ake kira Leopoldville a zamanin mulkin Beljiyam, da kuma Barazabil, biranen da kogin Kongo kaɗai ya raba su. A shekarun 1940 fayafayan garmaho na makaɗan Kyuba sun shiga hannun mutanen garuruwan nan, waɗanda suka ji a cikinsu amon gangunan da kakanninsu suka tafi da shi lokacin cinikin bayi, sai suka kwaikwayi salon, suka maye gurbin Sifaniyanci da Lingala, harshen kasuwa da barikin soja na bakin kogin, suka kuma ɗora wa jita aikin da fiyano da ƙahonni suke yi a Kyuba. Abin da ya fito shi ake kira rumba. Joseph Kabasele ya kafa ƙungiyar African Jazz a 1953, Franco Luambo kuma ya zama jigon OK Jazz da aka kafa a 1956, kuma daga waɗannan gidaje biyu ne mafi yawan makaɗan baya suka samo hanyarsu.

Wanda yake son gane kiɗan Kongo, to ya kasa kunne ga sashen da ake kira sebene. Waƙa takan fara a tsanake, mawaƙa uku ko huɗu suna haɗa murya a kan zancen soyayya ko halin zaman birni, sannan a tsakiya baitoci su ƙare, mai ganga ya ƙara wuta, jitoci uku su shiga saƙa: ɗaya tana riƙe da zaren kiɗan, ɗaya tana yawo can sama da siririyar murya, ta ukun kuma, wadda suke kira mi-solo, tana cike tsakaninsu. Nan ne ake tashi rawa. Ƙungiyar Zaïko Langa Langa, wadda matasa suka kafa a 1969 tare da Papa Wemba, ta ajiye ƙahonni ta faɗaɗa wannan sashe, kuma ita ce ta shigo da atalaku, wato mutumin da yake ihu a kan kiɗa yana zuga masu rawa. Bahaushe ba zai rasa gane aikinsa ba, domin ya yi kusa da na sanƙira a gaban makaɗi, kamar yadda al'adar libanga, wato jefa sunan mai hali cikin waƙa don a samu abin hannunsa, ta yi kama da roƙo.

Shi kuwa zouk ɗan tsibiran Gwadalub da Martinik ne na yankin Karibiyan, waɗanda har yau suke ƙarƙashin Faransa, kuma kalmar tana nufin taron rawa a harshen Kiriyol, wato harshen da ya samu daga cuɗanyar Faransanci da harsunan bayin da aka kai can. Ƙungiya ɗaya ce ta ƙera shi, wato Kassav', wadda Pierre-Édouard Décimus da ɗan'uwansa Georges da Jacob Desvarieux suka kafa a Paris a 1979, suka ara mata suna daga wainar rogo. Sun haɗa gwo ka, gangar gargajiya ta Gwadalub, da konpa na ƙasar Haiti da na'urorin kiɗa na zamani, suka kuma nace wa rera waƙa da Kiriyol a lokacin da ake yi wa harshen kallon na ƙauye. Bambancinsa da kiɗan Kongo a fili yake ga mai lura, domin nauyinsa yana kan bugun ganga da ƙahonni masu tsinin amo, jita kuwa 'yar rakiya ce.

Paris ce ta haɗa nau'o'in biyu. Taɓarɓarewar tattalin arzikin Zayar, wato Kongo ta Kinshasa, a zamanin shugaba Mobutu ta kori makaɗa da yawa zuwa can, inda suka tarar da ɗakunan ɗaukar sauti da na'urorin da 'yan Karibiyan suke aiki da su, wani lokaci ma makaɗan haya ɗaya ne suke yi wa ɓangarorin biyu aiki. Kanda Bongo Man da mai jitarsa Diblo Dibala sun datse doguwar shimfiɗar rumba suka faɗa sebene tun daga farko, salon da duniya ta sani da sunan soukous, kalmar da ta samo asali daga Faransanci mai ma'anar girgizawa, kodayake masu kishin tsohuwar rumba a Kinshasa suna ganin an sayar da zurfin waƙa don saurin rawa, kuma ƙorafin nasu ba ya rasa hujja. Zouk ma ya yi 'ya'ya a Afirka: Oliver N'Goma na Gabon da Monique Séka ta Kodebuwa sun shahara da afro-zouk, sannan a Angola ya taimaka wajen haihuwar kizomba.

Papa Wemba ya rasu a kan dandamali a Abijan a watan Afrilun 2016, Desvarieux kuma ya rasu a Gwadalub a Yulin 2021, watanni kaɗan kafin hukumar UNESCO ta sanya rumba cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a Disambar 2021, bisa buƙatar haɗin gwiwa da ƙasashen Kongo biyu suka gabatar.