Ɗorin Dutsen Washi

A mayankar Oko-Oba da ke Agege, mahaucin da dutsensa na washi ya suɓuce ya rabe biyu ba ya saurin jefar da shi. Na kamfani suna nan birjik a kasuwannin Legas, daga Agege har Jankara, amma dutsen da aka ɗauko daga gida, wanda hannu ya san lafiyarsa, ba a samun irinsa a kanti.

Gyaransa kuwa aikin mai ɗori ne sak. Wanda ya taɓa kai yaro ɗori ya san ba ɗaurin ne ke da wuya ba. Wuyar tana wurin jan ƙashi a zaunar da shi daidai, yaro na ihu, uwa ta kau da kai. Haka dutse. Sai an wanke bakin karayar da sabulu, don kitse da mai sun shige shi shekara da shekaru, kuma gam ba ya kama maiƙo. A shanya shi ya bushe ƙarau. Sannan a gwada haɗa ɓarin biyu ba gam, a ga ko sun zauna.

Gam mai haɗi biyu irin su Araldite ya fi dacewa, tunda yana cike ɗan gurbin da ya ɓalle, ruwa kuma bai cika cinsa ba. A shafa kaɗan, daga ƙasa-ƙasa, kada ya taso fuskar da wuƙa ke bi. A kifa dutsen kan gilashi da aka shimfiɗa wa leda, a matse, a ɗaure da roba. Mai ɗori yana jera kara. A nan katako ake manna wa a gindi ya riƙe nauyi. Sai a ƙyale shi ya kwana. Masu gaggawa, musamman da jajiberin Babbar Sallah, a nan suke ɓata aiki, dutse ya kame a karkace.

Bambancin ɗaya ne: ƙashi yana haɗe kansa, dutse kuwa tabonsa na nan. Gam da dutse ba sa cinyewa tare, don haka lokaci-lokaci sai an goga fuskar a kan daɓen siminti da ruwa ta daidaita. Wuƙar fawa ba ruwanta da layin gam ɗin. Askar wanzami ce mai tsirfa, ko ɗan tudun da farce ke ji sai ya ci mata baki. Shi ya sa wanzami gara ya bar ɓarin biyu a rabe, ya riƙe babban, ƙaramin ya ba mai yankan farce ya wasa almakashi.